Kashi na Biyar Yana Gwantu

Asabar: Kafanchan

Ƙarfe shida saura kwata na fito daga gida, ko shayi ban tsaya sha ba. An kwana ana ruwa, layinmu duk ya caɓe, na tattare zani da hannu ɗaya, ɗayan kuma na rungume jaka. Maigidana Malam Sale ya rako ni bakin titi da tocila yana ta mita.

"Yanzu fisabilillahi Talatu, saboda shafi goma sha shida za ki kama hanyar Gidan Waya da daminar nan? Ki ƙirƙiro musu ƙarshen mana. Yara ne, ina za su gane?"

"Ba ka san 'yan ajina ba," na ce masa. "Kafin la'asar na dawo."

Ga abin da ya fitar da ni. Ni malamar 'yan aji shida ce a wata firamare a nan Kafanchan. Farkon zangon nan na ci karo da wani littafi a kasuwa, wanda muka karanta muna yara, labarin ɗan mai fito da yake tsoron ruwa. Ubansa ke ƙetarar da mutane kogi a kwalekwale, shi kuwa ko bakin gaɓa ba ya son zuwa, yaran gari suna yi masa dariya. An sake buga shi da araha, kuɗinsa bai kai na kwanon shinkafa a tasha ba. Na roƙi iyayen yara, kowa ya saya wa ɗansa. Ranar da yara talatin da huɗu suka riƙe littafi kowa da nasa, ji na yi kamar an yi mini ƙarin girma.

Bugun dai sai haƙuri. Takardar shara-shara, kana karanta wannan shafi kana hango na bayansa. Tawada wani wuri ta yi yawa, wani wuri kamar an wanke. Hotunan kuwa, fuskar yaron da ta uban duk baƙin dunƙule, sai Godiya, wata 'yar ajina mai bakin tsiya, ta ce ita ta ɗauka tukwane ne aka kifa. Duk muka jure, muna karanta babi biyu kowace Juma'a. Muka zo shafi na sittin da huɗu: uban ya kwanta ciwo, kogi ya cika ya batse, magani yana ƙetare, yaron ya tura kwalekwale ya shiga. Muka juya shafi, sai ga na arba'in da tara ya dawo. Masu ɗinkin littafin sun maimaita kashi na huɗu sau biyu, na biyar babu shi. Duk talatin da huɗun haka suke.

Na koma wurin mai littattafan raina a ɓace, muka zazzage kwali biyu, duk tafiyarsu ɗaya. Ya ce, "Malama, haka aka kawo mana." Na sa ƙawata ta duba a Kaduna, bugun nan ne dai. Ɗana ya bincika a waya, babu. A aji kuwa Godiya ta ɗaga hannu.

"Malama, ke kin san yadda ya ƙare?"

"Na sani mana," na ce, ko ƙifta ido ban yi ba. "Amma sai kun gani a rubuce."

Ƙarya na yi. Ban taɓa karanta ƙarshen littafin nan ba. Muna aji biyar aka yi wa mahaifina canjin wurin aiki, ma'aikacin jirgin ƙasa ne, muka tashi ina daidai wurin da yaron ya shiga kwalekwale. Shekara talatin da shida ke nan. Yanzu ga shi Juma'a mai zuwa yarana za su gama firamare su watse, su ma su bar yaron a tsakiyar kogi kamar yadda na bar shi. Mutum ɗaya na tuna da zai iya samun tsohon bugu: malaminmu na wancan lokaci, Baba Tisa Dauda, wanda aka ce ya yi ritaya ya koma Gidan Waya.

A mota

Motar ba ta cika ba sai bakwai da minti goma. Mu shida ne da buhun citta biyu a but ɗin motar. Direban wani dogo ne mai surutu, ya ce in shiga gaba tunda ni "tisa" ce, wato malama. Muka bi ta Kagoro, dutsen ya lulluɓe da gajimare har rabi, gonakin masara kore shar dama da hagu.

A shingen sojoji aka ce kowa ya buɗe kayansa. Sojan ya zaro littafin daga jakata ya juya shi, sai fuskarsa ta saki.

"Kai! Madam, wannan mun yi shi a firamare. Yaron da ke tsoron ruwa, ko?"

Gabana ya faɗi, na ɗauka zai faɗi ƙarshen. Sai ya sosa ƙeya ya ce, "Ya tsallake ne ma ko ya nutse?"

"Ya nutse, oga," in ji direba. "Ni na tuna, mun yi kuka."

Wata mata a baya ta ce, "Ƙarya ne, kada ne ya kama shi."

Har muka wuce shingen ana gardama. Wani dattijo ya rantse cewa ai yaron soja ya zama daga baya. Ni dai raina ya yi sanyi, ashe ba ni kaɗai ba ce. Ƙarfe takwas da kwata muka shiga Gidan Waya, tafiyar kimanin kilomita talatin.

Gidan Waya

Na sha kunun acca da ƙosai a bakin hanya, mai kunun ce ma ta nuna mini gidan. Ta ce in bi bayan kwaleji, in na ga bishiyar mangwaro mai benci a ƙarƙashi, nan ne.

Na same shi a kan bencin yana gyaran rediyo. Ya tsufa ƙwarai, amma zamansa a miƙe kamar yana jiran sufeto. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Kai 'yar wane?"

"Baba, Talatu ce. Talatu Garba, 'yar kwatas ɗin reluwe."

"Talatu mai cin alli!" Ya yi dariya har da tari. "Ubangiji mai iko. Har yanzu kana ci?"

Shekarata arba'in da bakwai, ina da jika, amma sai da na rufe fuska da hijabi.

Na miƙa masa littafin na yi masa bayani. Ya ɗaga shafi ɗaya wajen rana, ya shinshina, ya ja bangon kaɗan sai gam ɗin ya buɗe. Ya girgiza kai.

"Wannan ba buk ba ne, 'yata. Wannan abin ƙunshe ƙosai ne." Ya jujjuya shi. "Amma ka ce yara talatin da huɗu, kowa da nasa? To, kada mu zage shi da yawa. Mu ɗaya muka samu."

Ya shiga ɗaki ya fito da wani tsohon gwangwanin biskit. Yana buɗewa na ga takardar buhun siminti, sai komai ya dawo mini. Littafi ɗaya aka ba ajinmu, mu arba'in. Sai Baba Tisa ya sa reza ya warware ɗinkin, ya raba shi kashi biyar, ya yi wa kowane kashi bango da takardar siminti, ya ɗinke da zaren buhu. A bayan kowane bango ya jera sunayenmu. In kashi ya zo hannunka ka kai gida kwana biyu, ka karanta, ka sa alama a gaban sunanka, ka miƙa wa wanda sunansa ke ƙasan naka. Dokarsa ɗaya ce, kuma da bulala ya koya mana ita: ba a ajiye kashi a tebur, ba a ba wani saƙo, ba a mayar wa malami. Hannu da hannu, sai mai suna na gaba.

Na ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Takarda mai kauri, ta yi ja amma ko harafi bai goge ba. Ga hoton yaron da idanunsa, har ana ganin tsoron a ciki. Sunana ne na ƙarshe a kowane jeri, ga alamata a gabansa, karkatacciya. Na ƙirga: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Na leƙa gwangwanin, na ƙara leƙawa.

"Baba, ina na biyar?"

"Ai kai za a tambaya."

"Ni?"

"Wa ke saman sunanka?"

Na duba. Rifkatu Yohanna. Wata 'yar gajera mai wushirya da muke zama benci ɗaya.

"Ita ya kamata ya ba ka ran Litinin," in ji shi. "Ran Litinin aka ce kun tafi. Na ce, Rifkatu kawo. Ya ce a'a Tisa, kai ka ce ba a mayar wa malami. Na ɗauki bulala, yarinyan nan ya tsaya yana kallona. To doka na ne, yaya zan yi? Na ajiye bulala."

Ya ce rabonsa da ita an fi shekara goma, a wani biki, amma ya san tana aure a Gwantu tana sayar da manja. Ko kashin yana nan, ko gara ta cinye, wannan sai Allah.

Na kira Malam Sale na ce masa tafiya ta ƙaru. Ya ce, "La'asar ɗin wace rana kika ce dama?" Na ce ya ɗumama miyar jiya. Baba Tisa ya ƙulle mini kashi huɗun a leda ya ce in tafi da su. Matarsa ta cika mini jaka da gyaɗa dafaffiya. Ƙarfe goma sha ɗaya na bar gidan.

Gwantu

Wannan karon bas na samu, mai ɗauke da mata 'yan kasuwa da jarkoki. Muka wuce Fadan Karshi ana yayyafi, tirela a gabanmu ta hana mu sakat. Tafiyar da ba ta fi kilomita talatin da 'yan kai ba ta ci mana sa'a ɗaya da rabi. Sha biyu da rabi na sauka.

Na nufi layin masu manja. Matsalar ita ce Rifkatu uku ne a layin. Ta farko yarinya ce, ta biyu doguwa. Na ce ina neman gajera mai wushirya wadda ta yi firamare a Kafanchan.

Doguwar ta ce, "O, Maman Bulus! Bai fito yau ba, ya je gona. Amma ƙarfe huɗu za ka same shi a coci, suna koyon waƙa."

Na yi azahar a masallacin tasha, na ci doya da miyar ganye a wata rumfa, na zauna jira. Nan fa zuciya ta fara yi mini saƙa. Wace mace ce za ta riƙe shafi goma sha shida shekara talatin da shida, ta yi aure da su, ta yi ƙaura da su, ta haifi yara masu yaga takarda? Ni kaina takardar haihuwata sau biyu tana ɓata. Na fara tsara yadda zan tsaya gaban Godiya ranar Litinin hannu wofi, kunya ta kama ni tun daga nan.

Huɗu da kwata mai babur ya sauke ni a ƙofar cocin. Mata kusan ashirin suna zaune a inuwa, ana buga tulu da kacau-kacau. Na tsaya daga gefe da hijabina, duk suka juyo. Wadda ke ba da waƙa ta tsaya da baki buɗe, na ga wushiryar.

"Sannunku da aiki," na ce. "Ina neman Rifkatu Yohanna."

Ta matso tana ƙare mini kallo. Sai ta ƙwalla ihu.

"Yesu! Talatu! Kai ne? Talatu mai cin alli!"

Wato duk ƙasar nan ba wanda ya manta da allin nan. Ta rungume ni har muka kusa faɗuwa, tana kuka ina kuka, matan suna guɗa ba su ma san dalili ba. Ban kai ga buɗe baki ba ta ja baya ta nuna ni da yatsa.

"Ka zo karɓan abinka, ko? Ka kyauta! Shekara nawa ina ajiye maka kaya?"

Na bi ta muka kama hanya.

Gidanta ba nisa. Ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ta kwashe zannuwan aurenta, can ƙasa ta zaro leda, cikin ledar wani tsohon ɗankwali, cikin ɗankwalin takardar siminti. Kusurwa ɗaya ta ɗan ci wuta, wai wata shekara fitila ta faɗi. Ban da wannan lafiyarsa lau. Na miƙa hannu ta janye.

"Tsaya. A yi shi daidai."

Ta juya bayan bangon. Sunaye talatin da tara duk da alama, har da nata. Na arba'in ne kawai babu. Ta miƙe tsaye ta riƙe shi da hannu biyu kamar mai ba da kyauta a taro.

"Talatu Garba, ga naka. Na fita."

Na karɓa. Wallahi ban san lokacin da na yi guɗa ba, ni da ko a bikin 'yata ban yi ba.

Ta sa aka kira wani maƙwabcinta Bahaushe ya yanka kaza, ta kawo mini buta da sabuwar tabarma ta nuna mini gabas. Kafin magariba muka zauna cin tuwon acca da miyar karkashi. Na tambaye ta me ya sa ba ta yar da shi ba.

"Sau biyu na so in yar. In na ɗauka sai in ga sunanka ba alama, sai in ji kamar Tisa yana bayana da bulala." Ta yi dariya. "Kuma yarana duka shida da shi suka koyi karatu. Sun haddace shi. Amma kullum suna tambaya, Mama, wannan yaro me ya kai shi cikin ruwa? Ni kuma farkon ya gudu daga kaina."

Wato gidanta an shekara da shekaru ana da ƙarshe babu farko, ni kuma ina da farko babu ƙarshe. Na zaro bugun kasuwar nan da na yi mako biyu ina tsine wa, na ba ta. Ta karɓa tana shafa bangon kamar na ba ta atamfa. Daga nan ta ce, "Ai wurin da ya fi daɗi shi ne lokacin da ya kai tsakiya, sai..." Na toshe mata baki da hannu. Na ce na jira shekara talatin da shida, zan iya jiran kwana biyu, tare da yarana zan ji.

Lahadi: komowa

Ƙarfe bakwai ta rako ni tasha cikin kayan cocinta, da galan ɗin manja da ta ce in na ƙi karɓa mun ɓata. Na sa kashi na biyar cikin leda biyu, na cusa a rigata, don hadari ya haɗo. Ruwan ya same mu bayan Gidan Waya, motar kuma tana yoyo ta gefen gilashi, jakata ta jiƙe sharkaf, takarduna ko ɗigo. Sau uku hannuna yana kaiwa kan ledar, sau uku ina janyewa. A shingen nan na Kagoro ban ga sojan jiya ba, da na gaya masa an kusa sanin gaskiya.

Sha ɗaya da minti ashirin na sauka Kafanchan. Ban wuce gida ba sai da na tsaya wurin mai fotokwafi, na sa ya buga talatin da huɗu, ni kuwa na juya masa baya kada idona ya faɗa kan rubutun. Ya ɗauka ko ba ni da lafiya. Da yamma ni da Malam Sale muka zauna da allura da zaren buhu muna ɗinke kwafin yaran. Shi da ya ce in ƙirƙiro, shi ya fi ni iya ɗinkin, har yana gyara mini.

Litinin

Na shiga aji na ajiye kashi biyar ɗin a tebur, na ba su labarin reza da takardar siminti da Rifkatu. Sannan na faɗi abin da ya fi mini nauyi.

"Ranar da Godiya ta tambaye ni, na ce na san ƙarshen. Ban sani ba. Ƙarya na yi muku, don na ji kunya. Yau zan sani tare da ku."

Godiya ta ce, "Ai dama na gane, Malama. Kin kalli silin."

Aka kwashe da dariya har da ni. Na raba musu kwafinsu, na buɗe shafi na sittin da biyar.

Direba bai yi daidai ba, matar baya ma haka. Yaron bai nutse ba, babu kuma kada. Ruwa ya ja shi nesa da mashigi, sandar tuƙin ta kuɓuce, ya yi ta tuƙi da ƙwaryar kwalfe ruwa yana kuka har ya kai gaɓa. Ya dawo da maganin. Da uban ya farfaɗo, yaron ya gaya masa cewa har yanzu fa tsoron bai tafi ba. Uban ya ce masa shi ma tun ranar da ya fara fito bai taɓa shiga kogin nan ba tare da tsoro ba, bai dai taɓa faɗa wa kowa ba ne.

Yara suka yi ta buga tebur suna ihu har hedimasta ya leƙo ya ga ko faɗa ake. Ya tarar da malamar aji shida tana share hawaye da gefen hijabi, ya ja ƙofa ya koma.

Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Baba Tisa Dauda da ya ajiye bulala ya bar dokarsa ta yi aiki, da Rifkatu da ta fi shi riƙe dokar, da Malam Sale da ya ci ɗumame kwana biyu bai yi ƙorafi sosai ba. Masu bugun araha kuma, na gode da kuka sa littafi a hannun yarana, amma don girman Allah ku riƙa ƙirga shafi kafin ku ɗinke.

Da aka tashi na ɗauki biro na juya bayan kashi na biyar, na sa alamata a gaban suna na arba'in. Akwai ɗan fili a ƙasan bangon, sai na rubuta sunan Godiya, na arba'in da ɗaya. Na kira Godiya, na miƙa mata da hannu biyu.

"Kwana biyu," na ce. "Kuma ba a mayar wa malami."